Zanen Gawayi a Bangon Goggo

A wani gida da ke Katabu, kusa da Mararrabar Jos, inda hanyar Kaduna zuwa Zariya ta haɗu da wadda ta nufi Pambeguwa, akwai bangon ɗaki da aka zazzana wa gawayi. Zanen gajeru ne, a kwance, ɗaya bisa ɗaya kamar matakan tsani. Na can ƙasa ya yi daidai da kafaɗar mace matsakaiciya, na can sama kuwa, wanda ya fi sauran kauri, ya kusa kai saman ƙofa. Baƙon da ya shigo zai ɗauka ɓarnar yara ce. Mutanen gidan sun hana a goge shi, ko da aka yi fentin salla sai da aka kewaye wurin, domin shi ne lissafin watannin da Goggo ta yi tana koya wa hannunta na dama ɗagawa bayan an cire mata mama.

Goggo ake kiranta a unguwar, har waɗanda ba ta haɗa dangi da su ba. Ta ɗan haura hamsin, kuma ta fi shekara ashirin tana suyar waina a tsakar gidanta, yara suna kai wa direbobin manyan motoci da ke yada zango a Mararraba. Suyar waina kuwa aikin hannu ne tun daga farkonsa har ƙarshensa: a wanke shinkafa, a buga ƙullu, a ɗora tanda, a yi ta zubi da juyi tun asuba har hantsi. Da wannan hannu na dama ta yi wa 'ya'yanta mata kayan ɗaki, da shi ta riƙe gidan a shekarun da kasuwar maigidanta ta ja baya.

Tana wanka ta fara jin ƙullutun. Da yake ba ya ciwo, ta yi shiru da bakinta. Da ya girma aka shiga shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, sai da fatar wurin ta fara sauya kama sannan aka kai ta asibiti, kusan shekara guda ke nan da fara jin sa. Wannan jinkiri ba nata ba ne ita kaɗai. Sankarar mama ita ce cutar dajin da ta fi kama mata a Nijeriya, kuma akasarinsu sai cutar ta yi nisa suke isa hannun likita. Cibiyar binciken cutar daji ta duniya da ke Liyon, a ƙasar Faransa, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mata sama da 28,000 ne suka kamu da ita a ƙasar nan, sama da 14,000 kuma suka rasu ta dalilinta. Idan cutar ta yi nisa, yawanci ba a iya ƙwaƙule ƙullutun kaɗai a bar sauran. An fara yi wa Goggo ƙarin ruwan maganin daji, zagaye bayan zagaye, gashin kanta ya zube, ƙullutun ya ɗan motse, sannan aka yi mata tiyata a wani asibiti a cikin garin Kaduna.

Tiyatar ba ta tsaya ga mama ba. A cikin hammata akwai kaluluwa, ƙananan ƙwayoyin nan da ke kumbura idan mutum ya yi rauni a yatsa, waɗanda aikinsu shi ne tace ruwan da ke kwararowa daga hannu da ƙirji. Nan ne zangon farko na cutar idan ta tashi yaɗuwa, don haka likita yakan kwashe su tare da maman. A da ma aikin ya fi haka muni. Likitan Amurka William Halsted, wanda ya wallafa sakamakon aikinsa a 1894, yana haɗawa ne har da tsokokin ƙirji ya cire, kuma wannan salo nasa ya yi shekaru da dama yana mulki a ɗakunan tiyata na duniya, ya bar mata masu yawa da ramin ƙirji da kumburarren hannu. A 1948 David Patey na Landan ya nuna cewa ana iya barin babbar tsokar ƙirji ba tare da an cutar da majinyaciya ba. Daga shekarun 1990 kuma aka fara gwada kaluluwa ɗaya ko biyu tukuna, idan ba a sami cutar a cikinsu ba a ƙyale sauran. Wannan sauƙi na ƙarshe na wadda ta zo da wuri ne. Goggo ba ta zo da wuri ba, saboda haka an kwashe mata hammatar, aka bar ta da doguwar tsaga daga tsakiyar ƙirji zuwa ƙarƙashin hannu.

Kafaɗa ita ce gaɓar da ta fi kowace yawan motsi a jikin ɗan Adam. Mai lafiya yana ɗaga hannu daga gefen cinya har ya miƙe saman kai, abin da masana ke aunawa da kimanin digiri 180. Wannan yalwar motsi ta dogara ne ga laushin fata da tsoka da jijiyoyin da suka kewaye gaɓar. Shi kuwa rauni idan yana warkewa tattarewa yake yi, tabo yana jan abin da ke kewaye da shi, tsokar ƙirji tana gajarta. Ga kuma ciwo, wanda ke sa mace ta maƙale hannu a jikin haƙarƙari, ta ranƙwafar da kafaɗa don kare wurin. Idan aka yi makonni a haka, tabon zai kama jiki a wannan gajeren yanayi, gaɓar ta ƙage. Abin da aka ce game da icce, tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ya dace da tabo sosai, domin makonnin farko ne yake karɓar miƙewa cikin sauƙi.

Ranar da za a sallame ta, wata ma'aikaciyar jinya da aiki ya yi wa yawa ta ce mata, "Mama, ki riƙa motsa hannun nan fa," ta miƙa wa 'yarta wata takarda da Turanci mai hotunan mata sanye da kayan wasanni. Takardar ta shige cikin ledar magunguna, ba a sake duba ta ba. A gida kuwa jinya ta kankama irin wadda aka gada. Bahaushe ya san jinya da hutarwa: wanda ya karye, maɗori yana ɗaure shi ya hana shi motsi, mai jego ana ɗauke mata aiki har ta yi arba'in. 'Yar farin Goggo ta baro gidan mijinta a Rigachikun ta tare, ita ke yi mata wanka, ita ke saka mata riga, ita ke ɗaura mata ɗankwali. Ko kofin ruwa Goggo ta kai wa hannu, sai a ce, "Bari, Goggo, kada ɗinkin ya ɓalle." Masu dubiya kuma kowa da gargaɗinsa, wannan ta ce wata a garinsu ta ɗaga hannu jini ya ɓalle, waccan ta ce a rataye hannun da gyale. Aka rataye shi. Babu wanda ya yi haka don mugunta, duk ƙauna ce da tsoro, ita ma Goggo tsoron take ji, kuma kunya ta hana ta tambayar kowa abin da ya shafi wannan sashe na jikinta.

Bayan mako shida raunin ya rufe, an cire zare, an kwance gyale, amma hannun ya ƙi wuce kafaɗa. A salla ta fara gane girman abin, domin idan ta zo kabbara hagu yakan kai kunne, dama ya tsaya a ƙirji, sujada kuma sai ta karkata ta jingina nauyinta ga ɓangare ɗaya. Ba ta iya tsefe ɗan gashin da ya fara tsirowa, ba ta iya kai hannu baya ta gyara zani, ba ta iya sauko da kwano daga saman kanta. Tanda tana jingine a bayan madafi ta yi ƙura. Ta riga ta sallama cewa haka za ta ƙarasa rayuwarta, har tana cewa wanda aka bar wa rai bai kamata ya yi ƙorafin hannu ba.

Abin da ya tayar da maganar shi ne gashin na'ura, wato hasken da ake harba wa ƙirji da hammata don ƙone ragowar ƙwayoyin cutar da wuƙa ba ta gani ba. An tura ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Suka tsaya bakin titi da sassafe suka hau motar Zariya, suka wuce Birnin Yero da Jaji, suka sauka a Kwangila, suka sake hawa wata ta Samaru da Shika. Shi wannan gashi yana da sharaɗi: mace za ta kwanta rigingine, ta ɗaga hannu sama da kai, ta riƙe shi a nan ba motsi har a gama auna ta, kuma kullum ta zo a wannan yanayi za ta kwanta, don hasken ya sauka daidai inda aka auna, hannun kuma ya kauce masa. Goggo ta kwanta, aka ce ta ɗaga, ta ɗaga iyakar ƙoƙarinta har hawaye suka zubo, hannun bai kai ba. Likitan ya ce mata cikin natsuwa, "Hajiya, sai hannun nan ya hau kafin mu fara. Kuma ba ma son a daɗe." A ranar ne 'yarta ta fahimci cewa hannun da suka yi mako shida suna lallaɓawa shi ne yanzu ya tsaya tsakanin mahaifiyarta da sauran maganinta.

Daga nan aka tura su sashen da mutane ke kira na gashin ƙashi. Sunan yana ɓatar da mutane, domin yana sa a ɗauka aikin masu karaya da shanyewar ɓarin jiki ne kawai. Sana'ar ta daɗe a ƙasar nan, ta shigo ta asibitin ƙashi na Igbobi a Legas a 1945, Jami'ar Ibadan ta fara ba da digiri a kanta a 1966, Jami'ar Bayero ta Kano ma tana horar da masu yin ta, sai dai har yanzu yawancinsu a manyan asibitocin birane suke, macen ƙauye ba ta cika haɗuwa da su ba sai an tura ta. Wadda ta karɓi Goggo matashiya ce, Bahaushiya. Ta rufe ƙofa, ta duba tabon, ta tattaɓa kafaɗar, sannan ta ce, "Mama, hannunki bai mutu ba, ƙagewa ya yi. Ɗinkin ya warke, babu abin da zai ɓalle. Ni zan nuna miki, amma aikin a gida za ki yi shi." Goggo ta ce, "'Yata, ba zai fama ciwon ba?" Ta ce, "Za ki ji yana ja, wannan jan shi muke nema. Idan ya koma zafi mai suka, ki dakata ki sassauta."

Ta bayyana wa 'yar abin da ya kamata a ce an yi tun farko. Tun kashegarin tiyata, idan likitan da ya yi aikin ya amince, mace za ta fara da ƙanana: ta ja dogon numfashi har ƙirji ya buɗe, ta dunƙule hannu ta buɗe, ta lanƙwasa gwiwar hannu ta miƙe, ta ɗaga kafaɗu zuwa kunne ta sauke, ta juya su baya a hankali. Za ta ci abinci da hannun, ta wanke fuska da shi. A makon farko, musamman idan robar da ke tsotse ruwan rauni tana jiki, ba a son hannun ya wuce tsayin kafaɗa, domin gaggawa a wannan lokaci tana ƙara yawan ruwan da ke taruwa. Bayan an cire robar, rauni ya fara kamewa, sai a shiga miƙa hannu sama. Ɗaukar kaya masu nauyi, kamar bokitin ruwa ko taɓarya, shi ne ake jinkirtawa zuwa mako huɗu ko shida, gwargwadon abin da likita ya gani. 'Yar ta saurara ta sunkuyar da kai. Matashiyar ta ce mata, "Yaya, ba laifinki ba ne, ba a nuna miki ba."

Motsin da ta koya wa Goggo ba ya bukatar wani kayan asibiti. Na farko hawan bango: ta fuskanci bango, ta ɗora yatsu a kansa, ta riƙa tafiya da su sama kamar gizo-gizo har inda ta ji ja, ta tsaya a nan ta ƙirga biyar tana numfashi, ta sauko a hankali, sannan ta juya ta ba bangon gefe ta sake. Na biyu, ta kwanta rigingine a tabarma ta riƙe muciya da hannu biyu, hagu ya ja dama zuwa saman kai. Na uku, tana kwance ta haɗa yatsu a bayan wuya, ta buɗe gwiwoyin hannu su nufi ƙasa, wanda shi ne ya fi kusa da kwanciyar da na'urar gashi ke bukata. Na huɗu, tana zaune ta ja allunan kafaɗa baya kamar za ta haɗe su. Na biyar, ta riƙe ɗankwali ta baya, hagu a sama dama a ƙasa, kamar mai cuɗa baya, hagu yana jan dama sama. Kowanne sau biyar zuwa goma, sau uku a yini, kuma ya fi sauƙi bayan wanka da ruwan ɗumi, lokacin da jiki ya saki. Da Goggo ta ce ba za ta iya riƙe lissafin lokaci ba, sai suka ɗaure shi da salla: bayan Asuba, bayan Azahar, bayan Isha'i. A ƙarshe matashiyar ta ce idan sun koma gida a fara auna hannun hagu a bango a yi masa alama, nan ne inda ake so dama ya kai, sannan duk Juma'a a zana inda daman ya tsaya.

An koma Katabu, sai wata matsalar ta ɓullo. Tsakanin Goggo da 'yar farinta akwai kunyar da ta hana uwar ko ambatar sunanta, ita kuma 'yar ba ta iya tsayawa a kan mahaifiyarta ta ce ƙara, alhali tana ganin fuskarta a yamutse. Da Goggo ta ce wash, sai ta ce a bari sai gobe. Wadda ta ɗauki aikin ita ce jikar gidan, yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya, wadda al'ada ta ba ta damar faɗa wa kakarta abin da uwarta ba ta isa ta faɗa ba. Ita ta ɗebo gawayi daga murhu, ta hau kujera ta zana alamar hagu da kauri. Kullum ta dawo daga Islamiyya sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Kishiya, yau ma a nan za ki tsaya? To, Malam ya zama nawa ni kaɗai, tunda ba ki iya miƙa masa ko buta." Goggo ta ce, "Ja'ira, zo ki gani," ta tashi ta kama bango. Da dariya da zagin wasa yatsun suka riƙa wuce zanen makon jiya. Malam kuwa bai ce komai ba, sai wata safiya aka ga ya rataya igiya a reshen mangwaron tsakar gida, ya ɗaura guntun icce a kowane bakinta, yadda za ta zauna a ƙasa hagu ya ja, dama ya hau.

A mako na biyu aka shiga tsoro. Wani abu kamar tsirkiya ya fito mata daga hammata ya bi cikin dantse har gwiwar hannu, idan ta miƙa hannu sai ya ɗaure tamau ana ganin sa ta cikin fata. Wata maƙwabciya ta ce jijiya ce ta hau, a kira wanzami ya yi tsaga ya kafa ƙaho, wata kuma ta ce a gasa wurin da tsumma da tafasasshen ruwa. 'Yar ta kira matashiyar nan ta asibiti a waya kafin a yi komai. Ta ce musu abin sananne ne bayan aikin hammata, hanyoyin ruwan kaluluwa ne da aka yanke suke taurara, kuma miƙewa a hankali da tausa mai sauƙi ne maganinsa. Ta ja kunnensu a kan abu biyu. Hannun da aka kwashe wa kaluluwa ba shi da masu tsaronsa kamar da, ƙaramar tsaga tana iya zama hanyar shigar ƙwayoyin cuta, ta jawo kumburin da zai daɗe. Fatar hammata da cikin dantse kuma sau da yawa ba ta jin taɓi sosai bayan aikin, saboda wata ƙaramar jijiya da ke ratsa wurin, don haka ruwan zafi zai iya sale ta mai ita ba ta sani ba. Ta ce abin da zai sa su taho asibiti ba jira shi ne zazzaɓi, ko jan fata da zafi, ko ruwa daga tabon, ko kumburin hannu farat ɗaya. Ba a kira wanzami ba, tsirkiyar kuma ta saki da kanta bayan 'yan makonni.

Tsoron da ya sa aka rataye hannun Goggo ba na Katabu ba ne kawai. Likitocin Turai da Amurka ma sun daɗe suna gargaɗin mata kada su wahalar da hannun, don gudun kumburi. Bincike ne ya sauya wannan ra'ayi. A 2009 Kathryn Schmitz ta Jami'ar Pennsylvania da abokan aikinta suka wallafa gwajin da suka yi da mata 141 waɗanda hannunsu ya riga ya kumbura, inda aka ga cewa ɗaga nauyi da ake ƙarawa sannu a hankali, ƙarƙashin kulawa, bai ƙara kumburin ba, ya ma rage yawan tashinsa. A 2021 masu bincike ƙarƙashin Julie Bruce ta Jami'ar Warwick a Ingila suka fitar da sakamakon gwajin da ya ƙunshi mata 392, wanda ya nuna cewa waɗanda aka fara wa tsararren motsa hannu kwana bakwai zuwa goma bayan tiyata sun fi sauran iya amfani da hannunsu bayan shekara guda, sun fi su ƙarancin ciwo, kuma matsalar rauni ko kumburi ba ta ƙaru a cikinsu ba. Darasin da ke ciki mai sauƙi ne, kuma ba ya cin kuɗi: a fara da wuri, a tafi a hankali, kada a daina.

Bayan mako huɗu Goggo ta koma Shika, ta kwanta, hannun ya hau inda ake so. Aka auna ta, aka yi mata alamomi a fata, ta shiga zuwa gashi daga Litinin zuwa Juma'a har aka cika adadin da aka rubuta mata, tana kwana wurin wasu dangi a Samaru. An gargaɗe ta cewa shi kansa gashin yana taurara fata da tsoka, kuma yana ci gaba da yin haka watanni bayan an gama, saboda haka ba ta ajiye muciya da bango ba. An kuma gaya mata gaskiya game da kumburin hannu, wanda ke samun kusan mace ɗaya cikin biyar bayan maganin sankarar mama, musamman wadda aka kwashe wa hammata aka kuma yi mata gashi, kuma yana iya zuwa bayan shekaru. Ta cire zobe da awarwaro daga dama, tana shafa mai kada fatar ta tsage da hunturu, tana wanke ko ƙwarzane ne da sabulu nan take. Da ta koma suya, sai ta sa aka ƙera mata cokalin juyi mai dogon hannu saboda fantsamar mai, ta bar wa yara ɗaukar bokitin ƙullu har sai da ƙarfinta ya dawo da kaɗan-kaɗan.

A farkon shekarun 1950 wata mata a birnin New York mai suna Terese Lasser, da aka cire mata mama ba a gaya mata yadda za ta yi da hannunta ko rayuwarta ba, ta shiga zagaya asibitoci tana ziyartar waɗanda aka yi wa irin aikin, tana nuna musu motsin hannu da kanta. Ƙungiyar yaƙi da cutar daji ta Amurka ta karɓi shirin nata a 1969, daga baya ya bazu zuwa ƙasashe da yawa. Goggo ba ta taɓa jin sunanta ba. Amma da labari ya zo cewa an yi wa wata ƙaramar mace a Birnin Yero irin wannan aiki, mai goyo ma, kuma an dawo da ita gida hannu a rataye, Goggo ta yafa mayafi ta hau mota. Ta sa aka fitar da kowa daga ɗakin, ta buɗe mata nata tabon, abin da ba ta taɓa yi wa wata ba in ban da 'yarta da ma'aikatan asibiti, sannan ta ɗaga hannu sama ta ce, "Ƙanwata, dubi nan. Ki koma wurin likitanki ki tambaye shi yaushe za ki fara, ki ce a haɗa ki da masu gashin ƙashi. Kada ki jira mako shida kamar ni." Ta kuma kira uwar mijin yarinyar gefe ta yi mata bayani, domin ta san a hannun masu jinya abin yake gyaruwa ko ya ɓaci.

Har yanzu Goggo tana zuwa asibiti a duba ta a ranakun da aka sa mata, kuma duk lokacin da ranar ta matso barcinta yakan ragu, domin ba wanda ya yi mata alkawarin cewa cutar ba za ta dawo ba. Idan sanyi ya sauko kafaɗar takan yi tsami, sai ta ƙara yawan hawan bango. Tana kabbara da hannu biyu daidai, tana ɗaura ɗankwalinta, tana shanya a igiya, direbobin Mararraba kuma sun ci gaba da samun wainarsu da safe. Zanen dama na ƙarshe ya tsaya ƙasa da na hagu da faɗin yatsu biyu, ya kai wata uku bai gusa ba. Jikar ta ce a haƙura haka, a cike gurbin da gawayi kowa ya huta. Goggo ta hana, ta ce a bar shi sai Juma'a mai zuwa a sake aunawa.